Malam Tedaldo da Kuskuren Yatsa Biyu

Mai bayarwa ya karɓi abinsa. A ranar goma ga watan Nuwamba na wannan shekara ta 1331, jajiberin idin Waliyyi Martino, Allah ya yi wa Malam Tedaldo ɗan Bencivenni rasuwa a gidansa da ke Unguwar Tudu, nan cikin garinmu Roccalba, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Ina shagona da hantsi ina dakan kanumfari na ji ƙararrawar majami'a ta soma bugun nan mai nauyi, ɗaya bayan ɗaya. Ban tambayi kowa ba. Na ajiye taɓarya, na ja ƙofa, na shiga gidan da ke jikin nawa.

Malam, ni ne Salvi mai haɗa magunguna, maƙwabcinka na shekara arba'in, wanda ka riƙe wa 'ya a hannu ranar baftismarta. Na san ba ni ya fi cancanta in rubuta wannan ba. Kana da ɗalibai a Pisa da Lucca waɗanda alƙalaminsu ya fi nawa kaifi, ni kuwa tun ina yaro ba ma ga-maciji da lissafi. Sau nawa ka zaunar da ni za ka koya mini rabawa, sau nawa na tashi na ce ana jira na a shago. To amma su littafinka suka sani. Ni tarinka na sani ta bayan katanga, na san kuma ranar da miyar gidanka ta ƙone.

Mahaifinka falken fata ne. Ya tafi da kai Tunis kana saurayi don ka koyi sanin kirgi mai kyau da marar kyau, sai ka ɓige da zama gaban wani tsohon malami kusa da bakin teku. Ka dawo ba ka iya bambance fatar akuya da ta tunkiya ba, amma ka zo da alƙaluman nan tara da ɗan zagayen da ake kira sifiri. A lokacin nan da tsakuwa muke ƙirga a kan allo, kamar yadda iyayenmu suka yi. Mutane suka ce tsafi ka kwaso, domin ta yaya za a ce babu tana da alama? Ba ka yi musu da kowa ba. Ka buɗe makaranta a saman rumbun ulu, ka riƙa karɓar 'ya'yan duk wanda ya yarda ya kawo. Cikin 'yan shekaru ba a ƙara jin maganar tsafi ba, kowane ɗan kasuwa yana neman wanda ya fito daga hannunka. Daga baya ka rubuta littafinka na awon gonaki da tsayin gine-gine da cikin randuna, wanda aka ce ana kwafarsa har a garuruwan da ba ka taɓa takawa ba.

Wannan duka gaskiya ne, amma ba zan bar mutane su ɗauka waliyyi ne ya zauna a jikin gidana ba. Matarka Monna Nuta ta taɓa aiken ka sayen ƙwai, ka dawo bayan azahar hannu rabbana, kana murna wai ka gano tsayin hasumiyar majami'a daga inuwarta. Ta tambaye ka ko inuwa za a soya. Mai gashin burodi na bakin dandali ya hana ka tsayawa kusa da teburinsa, saboda da zarar ka ga gari a baje sai yatsanka ya hau zane. Da wasu 'yan'uwa uku suka kusa zubar da jini a kan gonar zaitun da ubansu ya bari, kai ka kwana biyu kana yawo cikin itatuwa, kana duba wanne ke 'ya'ya, wanne rana ke samu, wanne ke kan dutse. Ka raba musu rabon da kowannensu ya koma gida yana dariya a ɓoye, yana ganin shi ya cuci sauran. Tulu ɗaya na man zaitun ka karɓa, shi ma ka manta shi a gindin bishiya, ni na je na ɗauko.

Abin da nake so in tsaya a kai shi ne maganar ruwa. Yaran da ke wasa yau a bakin kwamin dutse na dandali ba su san Unguwar Tudu ta taɓa zama ba ɗigon ruwa ba. Rijiyoyi nawa kakanninmu suka haƙa, dutse kawai suka tarar. Matanmu ke sauka har gindin tudu da tuluna, su hawo da su a ka, rani da hunturu. Matata Lagia ta yi wannan hawa da sauka tun tana amarya har bayanta ya ranƙwafa, ba kuwa wani man shafawa a shagona da ban gwada mata ba. Ruwa mai kyau yana nan a bayan dutsen da muke jingine da shi, maɓuɓɓuga ce da ba ta taɓa ƙafewa ba. Matsalar ita ce a ƙasar Valdoro take, garin da ke can bayan dutsen.

Mu da mutanen Valdoro kuwa kowa ya san tsakaninmu. Tun zamanin kakanni su suna cewa mun ƙone musu injin niƙa, mu muna cewa sun sace mana ƙararrawa, kowane ɓangare kuma yana da kaburburan da yake nunawa. Sai da Bishop ya yi shekaru yana kai gwauro yana kai mari kafin a ƙulla yarjejeniya. Valdoro ta yarda a huda dutse a jawo ruwa, bisa sharaɗi biyu: rabin aikin na mahaƙansu ne, kuma ranar da aka taɓa lafiyar mutumin Valdoro ɗaya a kan wannan aiki, to, ran nan za su toshe bakin maɓuɓɓuga har abada. Dattawanmu suka sa hannu suna cizon yatsa.

Kai aka ba lissafin. Ka ce a haƙa ta ɓangare biyu lokaci ɗaya, mu ta nan, su ta can, a haɗu a tsakiyar dutse. Na tuna dariyar da na yi. Na ce mutum biyu ma in suka yi alkawarin haɗuwa a kasuwa da rana tsaka sai su saɓa, balle a cikin duhun dutse. Ka ce ai dutse ba ya tsayawa hira a hanya. Ka shafe bazara guda kana hawa kana sauka da sanduna da igiya mai darma a baki, har wuyanka ya ƙone. A ɓangarenmu Meo ne shugaban mahaƙa, mutum mai ƙarfi da saurin fushi. A nasu kuwa Bindo ne, ɗan gajere marar magana, wanda ya gaji haƙa daga ubansa. Ka san sarai kamun Valdoro bai kai namu ba, ya gaza da yatsa biyu, domin kowane gari da nasa awon da aka sassaƙa a bangon majami'arsa. Shi ya sa ka sa maƙeri ya ƙera sandar ƙarfe daidai da alamar bangonmu, ka danƙa wa Bindo hannu da hannu. Ka nuna masa babban dutsen da ke bakin maɓuɓɓuga, ka gaya masa kamu nawa zai auna daga nan ya bi rafi kafin ya soma huda. Ya karɓa da hannu biyu, ka hau jakinka ka dawo.

Aka yi shekara shida ana sara. An binne mutum biyu da dutse ya rufta wa, wasu sun fito da tarin da har yau nake ba su magani. A shekara ta shida ka ce lokaci ya yi, kowane ɓangare ya riƙa tsayawa yana buga bango yana saurare. Aka buga, aka kasa kunne, shiru. Aka ƙara haƙawa, aka sake bugawa, shiru. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa. Gari ya ɗauki zafi. A shagona aka fi yin maganar, domin duk wanda ya zo sayen maganin ciki sai ya bar nasa ra'ayin. Wasu na cewa aljanun dutse ne, amma mafi yawa sun fi son a ce mutanen Valdoro ne suka karkatar da ramin da gangan don su ci kuɗin aiki su bar mu da ƙishi. Meo ya rantse a gabana in ya tabbata haka ne, da digarsa zai fasa kan Bindo. Mata kuwa suka ci gaba da sauka gindin tudu.

Wata safiya ka hau jaki ka haye dutsen kai kaɗai. Da la'asar ka shigo shagona, ka zauna a kan buhun gishiri, ka nemi ruwa. Na ba ka daga tulun da Lagia ta hawo da shi. Sai da ka shanye sannan ka gaya mini abin da ka gano. Mahaƙan Valdoro suna da al'ada, ba sa aunawa da sandar da ba a yi wa addu'a a majami'arsu ba. Kowace shekara ranar idin waliyyinsu sukan sari sandar itace, su gwada ta da alamar bangonsu, limaminsu ya yayyafa mata ruwa, da ita suke shiga ƙasa don kada ta rufta musu. Bindo bai raina sandarka ba. Naɗe ta ya yi a cikin ƙyalle mai tsabta ya rataye a bukkarsa kamar kayan gado, ya yi awon da tasa. A ganinsa yatsa biyu ba abin da za a saka ran mutane a haɗari dominsa ba ne. Yatsa biyu a kamu ɗaya ba komai ba ne, amma a kamu ɗari da wani abu ya tara faɗin ɗaki biyu. Ramukan sun wuce juna tuni, kowanne yana tafiya a gefen ɗan'uwansa.

Na miƙe tsaye na ce to alhaki ya fito, gobe sai ka faɗa a majalisa, ka wanke sunanka. Ka dube ni kamar yadda kake duban ɗalibin da ya manta sifiri.

"In na faɗa, Meo zai kashe shi kafin Lahadi," ka ce. "In ya kashe shi, za su toshe ruwan. Lagia kuma ta ci gaba da hawa tudu har ta mutu a kan hanya. Wannan lissafin ko kai ka iya shi, uban ɗiyata."

"To ƙarya za ka yi?"

"Wace ƙarya? Na lissafa dutse, na lissafa gangaren ruwa, na lissafa kaurin igiya. Bindo ne kawai ban lissafa ba. Na miƙa wa mutum sanda ban tambaye shi abin da yake tsoro ba, na hau jaki na yi tafiyata. In ba nawa ba ne kuskuren, na wane ne?"

Ka sa na rantse da Waliyyi Martino cewa muddin Bindo yana numfashi, maganar tasa ce, ba tawa ba. Na rantse, amma Allah ya sani ba da son raina ba.

Washegari ka tsaya gaban majalisar gari, ka cire hula, ka ce ramukan sun saɓa, kuma kuskuren daga wajenka yake. Ba ka ƙara kalma ba, su ma ba su nemi ƙari ba, domin abin da ya fi daɗi ga mutum shi ne ya ga masani ya yi tuntuɓe. A take suka karɓe makarantar suka ba wani baƙo daga Siena. Wasu suka ce a rufe ramin a huta, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ka roƙi shekara ɗaya. Suka ba ka, da sharaɗin in ta cika ba ruwa, ka tattara iyalinka ka bar Roccalba, kada a sake ganin ƙafarka.

Wannan shekara ba ta yi mini daɗi ba, Malam, ban kuma ɓoye maka ba. Aka laƙaba maka suna Malam Saɓani. In mutum ya ɗaura wa jaki kaya suka karkace sai a ce Tedaldo ne ya auna. Mutanen da ka koya wa 'ya'yansu ƙirga suka riƙa sauya hanya in sun hango ka. Wani mai sayar da kifi ya tambaye ka a bainar jama'a ko za ka iya gane ƙofar gidanka ko a raka ka. Ka ce masa ka gode, in ka ɓata za ka bi warinsa ka dawo kasuwa. Ni kuwa nakan koma bayan shago in daki abin da ba ya bukatar daka, don kada bakina ya suɓuce. Monna Nuta ta sayar da mayafinta na aure, ta daina sa nama a miya, ba ta kuma taɓa faɗa wa maƙwabta ko kalma ɗaya a kanka ba. A cikin gida dai na ji ta tana sauke maka kwandon faɗa, katangar ba ta da kauri.

Kana da shekara sittin da wani abu a lokacin, gwiwoyinka sun riga sun gaji, amma ka shiga ramin da kanka. Ka auna namu da rarrafe tun daga baki har ƙarshe, ka haye ka auna nasu, wannan karon da sanda ɗaya a hannunka. Na ji daga baya cewa sai da ka kai sandar ƙarfen majami'ar Valdoro limaminsu ya yayyafa mata ruwa, don hankalin mahaƙansu ya kwanta. Kullum ka fito sai in shafa maka man zaitun da masoro a gwiwa, ina yi ina zagin ka, kana yi mini bayanin kusurwa. Daga ƙarshe ka kira Meo ka nuna masa wani wuri a bangon hagu, baya da inda suka tsaya, ka ce a nan za a lanƙwasa. Meo ya ce jiya an ce miƙe, yau an ce lanƙwasa, gobe kuma sai a ce su haƙa sama su fito ta gadon Bishop. Duk da haka ya ɗauki diga, domin shi ma uwarsa tana cikin masu hawa tudu.

Kaka ta wuce, hunturu ya wuce. Lokacin da itatuwan ɓaure suka soma toho, Monna Nuta ta fara ɗaure kayanta a ɓoye, ni ma na aika wa wani ɗan'uwana a Lucca ya nema muku ɗaki. Kai kaɗai ne ba ka damu ba, kana cin wakenka kana barcinka. Sai ran nan wani mahaƙi ya ɗaga diga zai sara, ya ji kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga cikin dutse. Suka kasa kunne. Ya buga uku, aka amsa masa da uku. Bayan 'yan kwanaki dutsen ya huje, hannu ya leƙo ta ƙofar da ba ta fi bakin tulu ba. Meo ne ya kama hannun, yana kuka yana cewa, "Wane ɓarawon ƙararrawa ne wannan?" Daga can aka amsa, "Bindo ne, kai ɗan masu ƙone injin mutane. Sake ni, za ka karya mini yatsu." An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ni dai na ga wanda ya dafa, na kuma sha romon tare da shi.

Ranar da aka saki ruwan duk unguwa ta taru a dandali tun da safe. Da farko iska ce ta fito daga bakin kwamin, sai laka, sai ga shi ya zubo fari tas. Ban iya kwatanta abin da mata suka yi ba. Lagia ba ta yi guɗa ba, ba ta yi rawa ba. Ta je gida ta ɗauko tulunta, ta cika, ta taka 'yan takun da ke tsakanin kwamin da ƙofarmu, ta sauke, ta zauna a dakali tana kallon tulun. Shekara biyu ta yi tana shan ruwan nan kafin Allah ya karɓe ta, kuma a cikin shekarun ban ƙara jin ta yi nishi da dare ba. Wannan bashin alheri ne da ba ni da abin biyansa, na kuma faɗa maka tun kana da rai. Kai kuwa da aka miƙo maka kwanon farko ka kurɓa, cewa ka yi yana ɗan ɗanɗanon dutse, amma zai washe.

Ba a mayar maka da makarantar ba. Gari ya tsaya a kan cewa ka yi kuskure ka gyara, an yafe maka. Lanƙwasar nan ta cikin rami ma har suna aka sa mata, Gwiwar Malam, duk mai shiga gyara ya san ta. Ni abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, kai kuwa dariya yake ba ka. Ka ce mutane nawa ne ke da gwiwa uku? Ka koma zama a rumfar da ke fuskantar kwamin, da allo da ɗan gawayi, kana koya wa duk wanda ya tsaya. Masu wanki suka koyi alƙaluma tara a wurinka suna jiran kaya su jiƙa. 'Yarka Ghita ta zauna kusa da kai har ta iya abin da baƙon Siena bai iya ba, yanzu ita ake kira in za a raba gona. Ban taɓa ganin tsoho mai kwanciyar rai irin taka a shekarun nan ba. Ka yi ƙiba, ka rage tari, har ka soma tuna abin da aka aike ka saye.

Ciwonka bai yi tsawo ba. Sanyi ya kama ƙirjinka a farkon tsinkar zaitun, na kawo duk abin da na sani, ka sha don kada ka ɓata mini rai. Ranar da na gan ka ta ƙarshe ka sa an buɗe taga don ka ji zubar ruwa a dandali. Na tambaye ka ko akwai abin da ke damun ka. Ka ce babu, lissafinka ya fita ba saura. Sannan ka tuna mini da rantsuwata, na ce na ji, tsoho mai taurin kai.

Da na cika alkawari har kabarina, da ba don abin da ya faru ranar jana'izarka ba. Matan unguwa suka yi maka wanka, aka ɗauko makara za a kai majami'a. A dandali aka sauke ta don masu ɗauka su canja kafaɗa, kamar yadda aka saba. Sai ga wani ɗan tsoho ya ratso jama'a, wandonsa jiƙe har gwiwa, yana haki. Bindo ne. Labari ya iske shi a makare, ya ga in ya bi ta kan dutse ba zai riske mu ba, sai ya kunna fitila ya biyo ta cikin ramin. Ya tsaya a gaban makara, ya cire hula, ya yi magana da muryar da ban taɓa sanin yana da ita ba. Ya ce mutanen Roccalba su saurara, Malam bai taɓa kuskuren awo ba. Shi ne ya rataye sandar ƙarfe ya auna da tasa. Ya ce Malam ya hana shi faɗa, ya yi biyayya shekara da shekaru, amma ba zai bari a rufe shi da sunan da ba nasa ba. In akwai hukunci, ga shi ya kawo kansa.

Na ga fuskar Meo ta canja, na ga 'ya'yan mutum biyun da dutse ya rufta wa sun matso gaba. Yarjejeniyar nan tana nan da ranta, hannu ɗaya in ya sauka a kan tsohon nan, duk abin da ka saya da sunanka ya tafi.

Monna Nuta ce ta taka. Ta je bakin kwamin a hankali, ta ɗebo ruwa a kwanon da ke rataye, ta kawo wa Bindo.

"Sha, ka sha hanya," ta ce. "Kana tsammanin ban sani ba? Shekara arba'in da biyar ina auren mutumin nan. Ƙwai yakan manta, ba ya manta awo."

Bindo ya karɓa ya sha. Ta juya ta dubi Meo, ta dubi sauran, ta ce maigidanta ya riga ya biya wannan magana, wanda kuma yake ganin bai biya daidai ba ya zo ya gaya mata. Ba wanda ya motsa. Sai ta ce wa Bindo ya kama ƙafar makara ta hagu, mai ɗaukar ya gaji. Meo ya goge fuska da hannun riga, ya je ya kama ta dama. Shi dogo, Bindo gajere, haka suka kai ka majami'a a karkace, ba kuwa wanda ya ce a gyara.

Monna Nuta, ina yi miki ta'aziyya, ke da kika ɗauki rabin nauyin nan ba wanda ya sani, har ni da nake taƙamar sanin sirri. Ina yi wa Ghita da mijinta da 'ya'yanta, da 'yata da ta rasa uban baftismarta, da ɗalibansa na kusa da na nesa, da matan Unguwar Tudu, da Bindo da mutanen Valdoro. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa abin da ya ƙulla tsakanin garuruwan nan biyu ya ɗore bayan mu duka.

Kai kuwa Malam Tedaldo, uban ɗiyata, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka abin da ka yi da sani da wanda ka yi da mantuwa. Ya haskaka kabarinka, ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya maƙogwaron unguwa guda. Yadda ka rufa wa bawansa asiri, shi ma ya rufa maka naka ranar da za a auna kowa. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da kyau. Amin.